A Tambaye Shi ko a Zuba Masa Ido? Hanyoyi Biyu na Gane Ɗimuwar Maras Lafiya

A ɗakin kulawa ta musamman, inda asibiti ke kwantar da manyan da ciwo ya ci ƙarfinsu, ana samun mutum iri biyu waɗanda hankalinsu ya gushe. Na farko ba ya ɓuya. Shi ne mai fizge robar ƙarin ruwa, mai yunƙurin dirowa daga gado, mai sambatu yana kiran mutanen da suka daɗe a ƙasa. Ko mai shara ya shigo ya san wannan ba a hayyacinsa yake ba. Na biyu kuwa yana kwance lamo, ido a buɗe, ba ya neman komai, ba ya ƙorafin komai. In nas ta ce masa, "Sannu Baba, ya jiki?" sai ya gyaɗa kai. Shi ake yaba wa da haƙuri a wajen miƙa aiki, a rubuta a fayil cewa ya kwana lafiya. Alhali mai yiwuwa bai ma san a asibiti yake ba. Mai yiwuwa ya kwana yana ganin macizai a jikin robobin da aka jona masa, ko ya ɗauka sace shi aka yi aka ɗaure.

Dukansu biyu abu ɗaya ke damun su, wato ɗimuwa, wadda likitoci ke kira diliriyam. Rikicewar ƙwaƙwalwa ce da ke faɗo wa mutum cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, tana zuwa tana lafawa, kuma babbar alamarta ita ce kasa tsai da hankali a kan abu ɗaya. Ta bambanta da taɓin hankali, ta bambanta da rikicin tsufa mai shigowa a hankali cikin shekaru. Ƙwayar cuta a jini tana kawo ta, haka ƙarancin iska, faɗuwar suga, gazawar ƙoda ko hanta, ciwon da ba a yi wa magani ba, rashin barci, da su kansu magungunan sa barcin da ake bayarwa a ɗakin.

Abin tashin hankalin shi ne mai hayaniyar nan da kowa ke ganewa shi ne mafi ƙaranci. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2006, cikin waɗanda aka samu da ɗimuwa a ɗakin kulawa ta musamman, kashi 1.6 cikin 100 ne kawai ɗimuwarsu ta kasance ta hayaniya zalla. Kashi 43.5 tasu mai shiru ce, sauran kuma suna kai-komo tsakanin biyun. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to a wannan ɗaki fuska tana ba da labarin ƙarya. An gwada hakan a wani asibiti a ƙasar Holan, aka wallafa a 2009: da aka bar ma'aikata su yi hukunci da idonsu da ƙwarewarsu kawai, nas-nas sun gano kusan kashi 35 cikin 100 na ranakun ɗimuwa, likitoci kuma kashi 28. Waɗannan ba sababbin shiga ba ne, mutane ne da suka goge a aikin.

Kuma abin da ke kuɓuce musu ba ƙarami ba ne. A wani bincike da aka wallafa a 2004 an bibiyi marasa lafiya da aka sa wa injin numfashi a asibitin Jami'ar Vanderbilt, aka tarar cikin wata shida kashi 34 cikin 100 na waɗanda suka yi ɗimuwa sun rasu, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 15. Masana suna ta muhawara kan ko ɗimuwar da kanta ke kisa ko kuwa shaida ce ta tsananin ciwo, amma ko wanne ne, ƙararrawa ce. Waɗanda suka tashi ma ba su tsira gaba ɗaya ba. Binciken da aka wallafa a 2013 kan mutum 821 ya nuna cewa bayan shekara guda, kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka gwada tunaninsu ya yi rauni irin na mai matakin farko na cutar mantuwa ta Alzheimer, kuma gwargwadon daɗewar ɗimuwa gwargwadon raunin. Ɗan kasuwa ya koma shago ya kasa lissafi, malami ya kasa riƙe karatun da ya shekara talatin yana bayarwa.

Nas ce ke gefen gadon dare da rana, don haka ita ake horarwa. Tambayar ita ce me za a sa a hannunta. A shekara ɗaya, 2001, aka fito da ma'aunai biyu a birane biyu, kuma har yau su ne ƙungiyar likitocin kulawa ta musamman ta Amurka ta amince da su, a ƙa'idojinta na 2013 da na 2018. Ɗaya yana tambayar maras lafiya, ɗayan yana zuba masa ido.

Na tambayar shi ne CAM-ICU. Dakta Wesley Ely da abokan aikinsa a Vanderbilt, cikin jihar Tenesi, suka ɗauki wani ma'auni da Dakta Sharon Inouye ta fitar a 1990 domin tsofaffin da ke iya magana, suka gyara shi yadda zai yi wa mutumin da bututu ke cikin maƙogwaronsa. Nas takan fara da duba zurfin barcinsa da ma'aunin RASS, wanda ya tashi daga +4, mai faɗa da ma'aikata, zuwa −5, wanda ko an taɓa shi ba ya motsi. Wanda ke kan −4 ko −5 ba ya gwaduwa, sai a dawo an jima. In yana jin kira, sai ta tambayi kanta ko hankalinsa ya sauya daga yadda aka san shi, ko ya yi ta hawa da sauka cikin awa 24 da suka wuce. Daga nan ta sa hannunta cikin nasa ta ce duk lokacin da ya ji harafin A ya matse. Ta karanta haruffa goma a tsanake: S, A, V, E, A, H, A, A, R, T. In ya ƙi matsewa a kan A kuskure ne, in ya matse a kan wani harafin ma kuskure ne, kuma kuskure fiye da biyu na nufin hankalinsa ba ya tsayuwa. Wanda ya faɗi waɗannan matakai biyu, in kuma ba a farke yake sarai cikin natsuwa ba, an same shi da ɗimuwa. In a farke yake, akwai sauran tambayoyi huɗu da zai amsa da kai: dutse yana yawo a saman ruwa? Akwai kifi a teku? Laba ɗaya ta fi laba biyu nauyi? Ana buga ƙusa da guduma? Sai ta ɗaga yatsu biyu ta ce ya yi haka, sannan ya maimaita da ɗaya hannun ba tare da ta sake nuna masa ba. Duka aikin bai fi minti biyu ba.

Na zuba idon shi ne ICDSC, daga Asibitin Maisonneuve-Rosemont na birnin Montiriyal a Kanada, aikin Dakta Nicolas Bergeron da Dakta Yoanna Skrobik da abokansu. Takarda ce mai layi takwas da nas ke cikewa da abin da ta gani tsawon aikinta na yini ko na dare: farkawarsa, tsayuwar hankalinsa, sanin wuri da lokaci da mutane, gane-gane da jiye-jiyen abin da babu, yawan motsi ko mutuwar jiki, maganar da ba ta dace da hali ba, juyewar barci, da kuma hawa da saukar duk waɗannan. Kowane layi maki ɗaya. Huɗu zuwa sama ɗimuwa ce. Ɗaya zuwa uku kuma alama ce ta wanda ya kama hanya, wanda ya kamata a sa wa ido sosai.

In lissafin masu bincike za a bi, na tambayar ya ɗan sha gaba. Wasu masana a Birazil sun tattara binciken da aka yi, suka wallafa a 2012, inda suka samu CAM-ICU yana kama kashi 80 cikin 100 na masu ɗimuwa, yana kuma wanke kusan kashi 96 na waɗanda ba su da ita. ICDSC yana kama kashi 74, yana wanke kusan kashi 82. Tazarar farko ba ta da yawa. Ta biyun ita ce abin lura, domin tana nufin takardar Montiriyal ta fi yawan ɗora wa mutum ɗimuwar da ba shi da ita.

Sai dai takardar tana da abin da ɗayan ba shi da shi. Ɗimuwa ba ta zama wuri ɗaya. Dattijon da ya matse hannu daidai da hantsi yana iya rikicewa bayan isha'i, kuma gwajin minti biyu bai san abin da ya faru da ƙarfe uku na dare ba sai in an maimaita shi. Takardar tana ɗauke da daren gaba ɗayansa. Tana kuma da hawa-hawa, ta nuna jiya maki shida ne yau uku, abin da zai gaya wa likita ko sauƙi ake samu. Ga wanda shanyewar ɓarin jiki ta hana fahimtar magana, ko kurman da ba ya jin haruffan, tambaya za ta kayar da shi a kan laifin da ba na ɗimuwa ba. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. A asibitocinmu injinan numfashi kaɗan ne, da yawan masu tsananin ciwo suna numfashi da kansu kuma suna iya magana. Layukan takardar da ke wahalar cikewa a kan mai bututu a baki, irin su sanin wuri da maganar da ba ta dace ba, a kan waɗannan suna cikuwa cikin sauƙi.

Duk da haka, da za a ce in zaɓi wanda za a fara koya wa nas a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, na tambayar zan zaɓa, kuma dalilina ba lissafin Birazil ba ne. Takardar zuba ido tana ɗauka cewa nas ta wuni a kan mutum ɗaya ko biyu. Inda nas ɗaya ke zirga-zirga tsakanin gadaje da yawa, tana kuma jiran 'yan'uwa su sayo magani, abin da za ta rubuta a ƙarshen aiki shi ne abin da ya ja hankalinta. Mai hayaniya ne ke jan hankali. Mai shiru zai samu sifili a layi bayan layi, ba don an duba an ga lafiya ba, sai don ba a ga komai ba. Wato takardar tana iya mayar da mu ga idon nan da ya kama kashi 35, a wannan karon da sa hannu da kwanan wata. Gwajin tambaya kuwa yana tilasta wa nas ta tsaya, ta kira sunan mutum, ta nemi ya yi wani abu. Ba ya yiwuwa daga bakin ƙofa.

Tarbiyyarmu ma tana ƙara wa shirun kariya. An raine mu a kan cewa mumini ba ya raki, babba ba ya kuka da ciwo, mace ba ta ɗaga ido ta kalli baƙon namiji. Matar da ta farfaɗo daga jijjigar haihuwa ta kwanta shiru tana kallon bango, kowa zai ce kunya ce ko gajiya. Wanda ya ga wani abu a daren jiya ba lalle ya faɗa wa ma'aikaci ba, don kada a ce ya taɓu, in ma ya faɗa wa ɗansa, ɗan yana iya ɗaukar abin a matsayin iska ko sammu, ya nemi taimako a wani wurin ba tare da nas ta ji ba. Layin gane-gane a takardar zai zauna fayau. Haka layin sanin lokaci: manomin da aka tambaya yau nawa ga watan Bature ya kasa, ƙila ko da lafiyarsa bai taɓa riƙe wannan lissafin ba. A tambaye shi wane watan Musulunci ake ciki, ko an yi azahar, ko yaushe kasuwar garinsu ke ci.

Ba ina cewa CAM-ICU zai shigo ɗakunanmu yadda yake ba. Haruffan nan goma na wanda ya yi boko ne. Tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba, in aka ce ta matse hannu a kan A, za ta faɗi gwajin tana cikin hankalinta sarai. Masu ma'aunin sun tanadi hotuna a madadin haruffa: a nuna biyar, sannan a gauraya su cikin goma a ce ya nuna waɗanda ya gani. A Japan lambobi ake karantawa, a matse hannu a kan ɗaya, kuma wannan ya fi kusa da mu, tunda babu wanda bai san ƙirge ba. Laba ba awonmu ba ce, mudu ko kilo mutane suka sani, kuma kogi ya fi teku kusa da wanda bai taɓa barin Sahel ba. Sai batun hannu. Akwai malamin da ba zai matse hannun macen da ba muharramarsa ba ko yana kan gadon asibiti, akwai matar auren da za ta janye nata daga hannun namiji. Nas ɗin da ba a faɗakar ba za ta rubuta kuskure huɗu. Mafita tana da sauƙi, a yarda da shi kan wata alama tun farko, ƙifta ido ko ɗaga yatsa, ko a kira abokin aiki jinsinsa. Amma duk wanda ya sauya kalmomin gwaji ya ɗauki nauyin tabbatar da cewa bai lalata shi ba, ta hanyar gwada sabon a kan marasa lafiya na gaske tare da likitan ƙwaƙwalwa yana nasa hukuncin a gefe. Haka aka yi da aka mayar da shi Larabci da sauran harsuna. Aiki ne da ya dace da asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika da na Usmanu Ɗanfodiyo, inda ɗakin kulawar da sashen ƙwaƙwalwa ke cikin harabar guda.

Akwai wani bincike da ya kamata duk mai shirya horo ya sani kafin ya buga takarda ko ɗaya. A 2011 aka wallafa sakamakon asibitoci goma na Holan inda nas-nas suka riga suka saba amfani da CAM-ICU kullum. Ƙwararru suka bi bayansu suna duba marasa lafiyan. Ma'aunin da ya kama sama da kashi 90 cikin 100 a hannun nas-nas masu bincike a Vanderbilt, a nan kashi 47 ya kama. A kan masu hayaniya bai kuskure ko ɗaya ba. A kan masu shiru kashi 31 kacal. Ma'aunin bai canja ba, hannun da ke riƙe da shi ne ya canja. Gaggawa takan sa a karanta haruffan a guje, tausayi yakan sa a ba mutum dama ta biyu da ta uku har ya ci, wani lokacin kuma a dubi mai gyangyaɗi a rubuta "ba ya gwaduwa" alhali yana jin kira, kuma shi ne ainihin wanda ake nema.

Wannan ya rage nauyin gardamar wane ma'auni ya fi kyau ƙwarai, ya mayar da ita kan yadda ake koyarwa. A 2008 Dakta John Devlin da abokansa suka gwada nas 50 a asibitoci biyu na Amurka, da takardar Montiriyal. Lacca ce ta rabin awa, amma an haɗa ta da labaran marasa lafiya da aka sa su warware da kansu, sannan aka bi su bakin gado aka ga abin da suke yi. Kafin horon kashi 8 cikin 100 ne ke amfani da ma'auni daidai, bayansa kashi 62. Ci gaba ne babba, amma har yanzu kusan huɗu cikin goma ba su iya ba. A Vanderbilt da wani asibitin tsofaffin sojoji da ke kusa, inda aka shigar da CAM-ICU cikin aikin yau da kullum, bayanin farko na minti ashirin ne kawai. Abin da ya riƙe aikin shi ne abin da ya biyo baya: ƙwararriya takan zo ba sanarwa, ta tsaya tare da nas a kan maras lafiya ɗaya, kowa ta yi nata gwajin, su kwatanta, a gyara kuskure nan take. Da haka aka kai ana yin gwajin a kashi 90 cikin 100 na lokutan da ya kamata a asibitin farko, kashi 84 a na biyun.

Mu kuwa mun fi sabawa da taron bita: a tara mutane a zaure kwana biyu, a haska allo, a raba takardar shaida, kowa ya koma. Irin wannan yana ƙara sani, ba ya gyara hannu. Kuɗin da za a kashe a zauren, da an ware shi an 'yantar da babbar nas ɗaya a kowane ɗaki na 'yan sa'o'i a mako tana bin ƙannenta bakin gado, da ya fi amfani nesa ba kusa ba. Kuma a cikin abin da za ta koya musu har da yadda ake tambayar masu jinya. Matakin farko na gwajin yana buƙatar sanin yadda mutum yake kafin ciwo, kuma amsar tana bakin ƙofa, wajen matarsa ko 'yarsa da ke zaune a kan tabarma. "Hajiya, haka Alhaji yake da shiru a gida?" In ta ce, "Wallahi 'yar nan, mutumin da ba ya rufe baki, tun shekaranjiya bai gane ni ba," an samu abin da babu na'urar da za ta bayar. Ta wannan ƙofa ce alherin takardar Montiriyal zai shigo: gwajin tambaya sau ɗaya a kowane zubin aiki, da ƙari duk lokacin da aka ga sauyi, sannan a wajen miƙa aiki a faɗi yadda ya yi barci da abin da 'yan'uwa suka lura.

Saura abin da za a yi in gwaji ya nuna ɗimuwa, domin nas ɗin da ta gano abu sau goma ba a yi komai ba za ta daina nema. Abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi allura ce ko ɗauri. A 2018 aka wallafa gwajin da aka yi wa mutum 566 a Amurka, inda aka kwatanta haloperidol da ziprasidone da ruwan allura marar magani, kuma babu wanda ya rage kwanakin ɗimuwa. Dangin diazepam da midazolam kuwa, in ba inda ciwon ya wajabta su ba kamar tetanus ko jijjiga ko janyewar giya, suna cikin masu jawo ta. Aikin da ke biyo bayan gwaji bincike ne: a duba iska a jini, a duba suga, a duba zazzaɓi, a taɓa mara ko fitsari ya taru, a tambayi ciwo, a bi jerin magunguna ɗaya bayan ɗaya. A mayar masa da tabaransa, a buɗe labule da rana, a rage fitila da hira da dare, a riƙa gaya masa inda yake da lokacin salla, a bar wani nasa ya zauna kusa. A tashe shi zaune da zarar jiki ya yarda: a binciken da aka wallafa a 2009 kan mutum 104 masu injin numfashi, waɗanda aka fara motsa wa jiki da wuri sun yi ɗimuwar kwana biyu, sauran kwana huɗu.

Mafi yawan waɗannan a hannun nas suke, amma rage maganin barci da sauya shi sai da likita. Shi ya sa horon da ya tsaya kan nas-nas kaɗai ba ya daɗewa. Sakamakon gwajin yana buƙatar gurbinsa a takardar gefen gado, kusa da zafin jiki da hawan jini, kuma likitan da ke zagayen safe ya riƙa tambayarsa da bakinsa kafin ya sa hannu a kan maganin yini.